WANE MAGANIN ZAZZAƁIN CIZON SAURO YA FI CI?

Ranar wata Juma'a cikin daminar nan, bayan an sauko daga masallaci, na tarar da gardama ta kaure a majalisarmu ta Aboabo a nan Kumasi. Abin da ya jawo ta kuwa, wani maƙwabcinmu tela ne ya fito da ramar fuska bayan kwana huɗu a kwance, yana yabon ƙwayar da ta tashe shi. Nan take wani direban babbar mota ya ce ai wannan ƙwayar ba ta kai wadda shi yake sha ba. Da aka tambayi sunayen, sai ɗaya ya ce Coartem, ɗaya ya ce Lonart. Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ce duk su yi shiru, domin tun ranar da gwamnati ta hana kulorokwin ba a sake yin maganin masassara na ƙwarai ba.

To, jama'a, tela da direba magani ɗaya suke sha ba su sani ba. Sunan kamfani ne da kwali kawai suka bambanta, amma abin da ke ciki duk atemita da lumefantirin ne. Shi kuwa dattijo, maganarsa tana da dalili, sai dai ta tsaya a shekarun da suka wuce. Wannan gardama ce ta sa na ga ya kamata mu baje maganar a wannan fili, domin ba ƙaramar magana ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutane wajen miliyan 263 ne suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, ya kuma kashe kimanin 597,000, kuma kashi 95 daga cikin 100 na mamatan 'yan Afirka ne, mafi yawansu yara ƙanana.

Yadda kulorokwin ya faɗi

Duk wanda ya girma a zango kafin shekarar 2000 ya san ɗacin kulorokwin, ya kuma san ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa kamar an watsa masa ƙarara. Amma magani ne mai arha, kuma a zamaninsa yana ci. Abin da ya faru shi ne ƙwayar cutar da sauro ke zuba mana a jini, watau falsifarum, wadda ita ce ke kawo kusan duk zazzaɓin ƙasar nan, ta koyi yadda za ta riƙa fitar da maganin daga jikinta. An fara ganin wannan taurin kai a Asiya da Kudancin Amurka tun wajen ƙarshen shekarun 1950, ya iso Gabashin Afirka a 1978, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba da labarinsa a nan Ghana.

A shekarar 2003 masana na Cibiyar Binciken Lafiya ta Noguchi da ke Jami'ar Ghana a Legon suka yi wani gwaji a kan yara 168 'yan ƙasa da shekara biyar masu zazzaɓi. Aka kasa yaran kashi huɗu, kowane kashi da maganin da aka ba shi, aka bi su har kwana 28. Waɗanda aka ba kulorokwin, kashi 25 daga cikin 100 ne kaɗai suka warke sarai. Waɗanda aka ba SP, watau wanda muka fi sani da suna Fansidar, kashi 60. Waɗanda aka ba atemita da lumefantirin, kashi 97.5. Waɗanda aka ba atesunet da amodiyakwin kuwa, duka suka warke. Ashe ke nan cikin yara huɗu da aka ɗura wa kulorokwin, uku cutar na nan a jininsu ko da jikin ya yi sanyi na ɗan lokaci. Ba ƙiyayya ce ta sa gwamnati ta sauya manufa a 2004 ba, lissafi ne.

Dalilin haɗa magani biyu

Tushen magungunan yau wani sinadari ne mai suna atemisinin, wanda aka tatso daga wani ganye na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargaden da iyayenmu mata suka sani. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta ne suka gano shi a farkon shekarun 1970, cikin wani shirin asiri da gwamnatin Sin ta kafa a 1967 lokacin da zazzaɓi ke kayar da sojoji a yaƙin Biyetnam. Sai a 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Atemisinin da 'ya'yansa, watau atesunet da atemita da sauransu, ba su da na biyu wajen sauri. A cikin kowane kwana biyu suna rage yawan ƙwayoyin cutar da ke jini har ninki dubu goma. Amma suna da aibi guda: ba sa daɗewa a jiki, cikin 'yan sa'o'i sun fita. In da su kaɗai za a sha, sai an yi kwana bakwai cur ana sha, kuma kowa ya san halinmu, da zarar jiki ya yi daɗi a kwana na biyu sai a jefa sauran a ƙarƙashin katifa. Saboda haka aka haɗa su da wani maganin mai nawa amma mai daɗewa. Abin kamar gayyar noma ne. Samari majiya ƙarfi su zo da safe su kwantar da ciyawar gona su tafi, sa'an nan mai gona ya tsaya kwana da kwanaki yana bin kunya-kunya yana cire wadda ta tsira. Bugu da ƙari, da wuya ƙwayar cuta ɗaya ta iya jure wa makamai biyu a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa ga irin wannan haɗi tun 2001, kuma a 2006 ta nemi kamfanoni su daina sayar da ƙwayar atemisinin ita kaɗai.

Haɗi uku ne aka fi sani a ƙasar nan. Akwai atemita da lumefantirin, wanda ake taƙaitawa AL, shi ne ƙwayoyin nan rawaya. Akwai atesunet da amodiyakwin, AS-AQ, wanda shi gwamnati ta fara zaɓa a 2004. Akwai kuma daihaidiro-atemisinin da fiferakwin, DHAP, wanda P-Alaxin na cikin sunayensa na kasuwa. Mai karatu ya riƙe waɗannan haruffa, ya kuma riƙa duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna a jikin kwali, don nan ne gaskiyar abin da ya saya take.

Abin da aka gani da aka gwada su kafaɗa da kafaɗa

Kafin mu shiga sakamako, ya kamata a san yadda masana ke auna cin magani, domin ba irin awonmu na majalisa ba ne. Mu da zarar ciwon kai ya tafi, mutum ya iya cin tuwo, sai mu ce magani ya yi. Su kuwa sai sun bi mara lafiya kwana 28, ko 42 in maganin mai daɗewa ne, suna ɗibar jininsa a kai a kai. In ƙwayar cuta ta sake ɓullowa, sai su gwada asalinta su ga ko tsohuwar ce ta farfaɗo, ko kuwa sabon sauro ne ya kawo baƙuwa. In tsohuwar ce, magani ya gaza. In baƙuwa ce, ba laifinsa ba ne kai tsaye. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, duk maganin da ke gazawa a kan fiye da mutum 10 cikin 100, lokaci ya yi da ƙasa za ta sauya shi.

Wani babban gwaji da aka yi a kan yaran Afirka a wannan fanni an buga sakamakonsa a 2011. Yara 4,116 ne 'yan wata 6 zuwa 59, a wurare 12 cikin ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Gabon, Mozambik, Nijeriya, Ruwanda, Yuganda da Zambiya. An auna sakamakon a kwana na 28 da na 63. Haɗi huɗu aka fara da su, amma aka janye ɗaya tun ba a gama ba, wanda ke ɗauke da sinadarin dafson, saboda an gano yana farfasa jinin masu wani rashi na gado da likitoci ke kira G6PD, rashin da yake da yawa a tsakanin baƙar fata. Sauran ukun nan namu kuwa, kowannensu ya kashe cutar da aka zo da ita a jikin yara fiye da 94 cikin 100. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Inda bambanci ya fito fili shi ne wajen sake kamuwa. Yaran da suka sha DHAP su ne suka fi daɗewa ba su sake kwantawa ba, sai na AS-AQ, sa'an nan na AL a baya. Dalili kuwa a bayyane yake. Lumefantirin yakan ragu da rabi a jini cikin kwana uku zuwa shida, abin da amodiyakwin ke rikiɗewa ya zama a jiki yakan kai mako biyu, shi kuwa fiferakwin mako uku zuwa huɗu. Muddin ragowar maganin na yawo a jini, duk baƙuwar ƙwayar da sauro ya kawo sai ta tarar da mai gadi a ƙofa. To wannan ne ya sa wata uwa za ta ce AL "ba ya ci", don ɗanta ya sake zazzaɓi bayan mako uku, alhali kuwa maganin ya gama aikinsa, gidan ne ba gidan sauro, kwatar bayan ɗaki kuma ba ta gudu.

An sake wani babban gwajin a maƙwabtanmu, Mali da Burkina Faso da Gini, aka buga a 2018. Mutane 4,710 aka bi har shekara biyu, duk lokacin da mutum ya kamu a ba shi irin haɗin da aka fara ba shi. Nan ma DHAP da wani sabon haɗi na atesunet da faironaridin sun warkar kamar tsofaffin, kuma sun fi su tsare mutum daga saurin komawa.

Me ya sa ba a ce kowa ya koma DHAP ba ke nan? Akwai dalilai. Fiferakwin yana taɓa bugun zuciya kaɗan, don haka ba a son ba mai ciwon zuciya, ko haɗa shi da waɗansu magungunan masu irin wannan hali. Kuma daɗewar da ake yabonsa da ita tana da ɗaya fuskar: maganin da ya rage kaɗan-kaɗan a jini na tsawon makonni shi ne makarantar da ƙwayar cuta ke koyon jure masa. A Kambodiya haka ta faru, har sai da suka ajiye DHAP bayan ya riƙa gazawa a kan mutane da yawa.

Sunan da amodiyakwin ya ɓata

Ba zan tsallake wannan ba, domin har gobe in ka ce amodiyakwin a zango sai wani ya girgiza kai. A ƙarshen 2005, ba a daɗe da fara sabuwar manufa ba, sai ƙorafi ya cika gidajen rediyo. Mutane na shan AS-AQ suna yin laƙwas, jiri na ɗibarsu, waɗansu har wuya da harshe na sanƙarewa. Aka gano cewa waɗansu ƙwayoyin da ke kasuwa a lokacin an cusa amodiyakwin mai yawa a ƙwaya ɗaya, wanda ya fi ƙarfin mai ƙaramin jiki, sai Ma'aikatar Lafiya ta janye su. Daga baya aka gyara manufar aka shigo da AL da DHAP don waɗanda AS-AQ bai karɓe su ba. A 2007 kuma aka fito da AS-AQ mai ƙwaya ɗaya da aka auna gwargwadon nauyi da shekaru.

A ganina an zalunci maganin da laifin awo. Gaskiya ne yana sa kasala da tashin zuciya fiye da AL, musamman in an sha da yunwa, waɗansu kuma yana sa su ƙaiƙayi irin na ɗan'uwansa kulorokwin. Amma wajen kashe cuta a Afirka ta Yamma bai taɓa zama na baya ba, kuma sau ɗaya ake shan sa a yini. Wanda ya san jikinsa ba ya ɗaukarsa, ya gaya wa likita tun kafin a rubuta. Wanda bai taɓa sha ba, kada ya ƙi shi don labarin shekara ashirin.

Sai dai akwai wani hanzari ga 'yan'uwanmu na arewa, su Wa da Bolga da Bawku da Tamale. Tun 2015 aka fara bin gida-gida da damina a Jihar Upper West, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran jihohin arewa, ana ba yara ƙanana maganin rigakafi wata-wata, kamar yadda ake yi a Nijar da Burkina da arewacin Nijeriya. Wannan maganin haɗin SP ne da amodiyakwin. Saboda haka yaron da ke cikin shirin in ya kamu da zazzaɓi duk da haka, ba a son a sake ba shi haɗi mai amodiyakwin, sai a ba shi AL. Uwa ta tafi asibiti da katin rigakafin a hannu.

Inda mu ke karya maganin da hannunmu

Alkaluman da na kawo a sama duk na gwaji ne, inda ma'aikaciyar jinya ke tsaye a kan yaro har ya haɗiye, ta kuma auna nauyinsa kafin ta ƙirga ƙwaya. A gida labarin daban ne, kuma AL, wanda shi ne ya fi yawa a hannun jama'a, shi ne ya fi saurin lalacewa da sakaci.

Sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Na farko yanzu, na biyu bayan sa'a takwas, sa'an nan safe da yamma a kwana biyun da suka biyo. A ƙwaya mai lamba 20/120, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga kilo 35 zuwa sama huɗu, watau babba zai sha 24 ke nan. Akwai kuma mai lamba 80/480 ta manya, wadda ɗaya ke tsayawa a madadin huɗu. Na taɓa ganin wanda ya saba da ƙaramar ya sayi babbar a wani kemis, yaron shagon bai yi masa bayani ba, Allah ne ya sa ya tambaya kafin ya watsa huɗu a baki.

Abu na biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba: lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Mara lafiya kuwa abin da ransa ke so shi ne koko tsararo ko ruwan shayi baƙi, waɗanda ba maiƙo a cikinsu. A haɗa masa kokon da ƙosai ko gyaɗa, ko a zuba madara, ko fura da nono, ko 'yar miyar gyaɗa. Ba sai da yawa ba. Jariri kuwa nonon uwa ya wadatar. Shi DHAP akasin haka ne, ba a son a bi shi da abinci mai maiƙo da yawa, domin sai fiferakwin ya hau jini fiye da kima. In yaro ya amayar da magani kafin rabin sa'a, ba a lissafa wannan, sai a sake ba shi, sa'an nan a koma a karɓo cikon abin da ya ragu.

Na uku shi ne sha ba gwaji. Tun 2010 ƙa'ida ita ce a ɗiga jini a gwada kafin a ba da magani, kuma ɗan katakon gwajin nan minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Taifot da ciwon huhu da ciwon kunne da na mafitsara duk suna kawo zazzaɓi, kuma ko kwali goma na AL aka sha ba zai taɓa su ba. Da yawa daga cikin masu cewa "na sha bai yi mini ba" ba cutar suke da ita ba tun farko.

Game da masu juna biyu, da can a watanni ukun farko kwinin ake ba su. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba shaidun da suka taru ta ce AL ne ya fi dacewa ko a wannan lokaci. Duk da haka mai ciki ba ta sayen magani da ka, asibiti za ta. Jarirai 'yan ƙasa da kilo 5 su ma sun daɗe ba su da nasu awon, sai a 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da wani AL da aka yi musamman dominsu.

Duk wannan bayani a kan zazzaɓin da bai yi tsanani ba ne, wanda mutum ke iya zama ya haɗiyi ƙwaya. In yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa tsotso, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko ba ya gane mutane, ko numfashi na yi masa wuya, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, to an wuce maganar wace ƙwaya ta fi. Wannan na allurar atesunet ne a asibiti, kuma a cikin daren, ba sai gari ya waye ba. Wani gwaji da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da nan Kumasi, aka buga a 2010, ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwa da kashi 22.5 daga cikin 100 in aka kwatanta da ta kwinin. Amma masu zuwa kemis da ƙafarsu suna cewa a yi musu allura don "ta fi ƙwaya sauri", su sani allura ɗaya ko biyu ba tare da cikakken haɗin kwana uku ba daidai take da shan atemisinin shi kaɗai, abin da aka hana.

Gajimaren da ke tasowa daga gabas

Dalilin hanin kuwa ga shi. A 2008 da 2009 aka ba da rahoto daga yammacin Kambodiya, yankin da taurin kan kulorokwin ya taso tun farko, cewa ƙwayar cutar ta fara jinkirin mutuwa a gaban atemisinin. A 2014 masana suka gano alamar wannan hali a jikin ƙwayar, suka iya bin sawunta. A 2020 aka gan ta a Ruwanda, a 2021 a Yuganda, sa'an nan aka tabbatar da ita a Eritiriya da Tanzaniya, kuma bincike ya nuna a nan Afirka ta tsiro, ba shigo da ita aka yi ba. Wannan bai nufin haɗin ya daina aiki, domin abokin tafiyar yana gama da ragowar. Amma nauyi ya ƙaru a kansa, kuma da yake mafi yawan ƙasashen Afirka lumefantirin suka jingina da shi, in ya durƙusa za a ji a jika. Shi ya sa masana ke ba da shawarar ƙasa ta riƙa amfani da haɗi biyu ko uku a lokaci guda maimakon a tattara a kan ɗaya. A nan gida cibiyar Noguchi da hukumar yaƙi da zazzaɓi sun riƙa gwada AL da AS-AQ a asibitoci daban-daban na ƙasar tun 2005, kuma sakamakon da suka buga ya nuna dukansu biyu suna sama da ma'aunin kashi 90. 'Yan'uwanmu fatake da direbobi masu zirga-zirga tsakanin Kumasi, Wagadugu, Yamai, Lome da Kano su kula da abin da suke saye a tasha da bakin iyaka, su duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna da ranar lalacewa.

Da Juma'a ta zagayo na koma majalisa da waɗannan bayanai a takarda. Dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma shi dai ɗacin kulorokwin ne ke sa ya san ya sha magani. Tela kuwa ya shiga shago ya fito da kwalinsa don ya nuna wa direba ƙananan rubutun. Da aka zaro takardar ƙwayoyin sai ga guda takwas a jere ba a ɓalle ba, na kwana na uku ke nan cif. Na ce, "Maigida, waɗannan fa?" Ya ce ai tun ranar Laraba ya ji garau, ya ajiye su ne saboda uwargida in nata ya tashi.